Wajibin Turanci ya fi ƙarfina, har na miƙa aikin da ba nawa ba

Assalamu alaikum, Malama. Ni budurwa ce 'yar shekara 19, a Jidda aka haife ni, kakanninmu kuwa daga ƙasar Kano suka zo. Hausa muke yi a gida, amma karatuna tun daga firamare har sakandare da Larabci na yi shi, kuma ban taɓa faɗuwa ba. Ki yi haƙuri da rubutuna, ba a koya mini boko a aji ba, a waya na koye shi wajen hira da 'yan'uwa na gida. Bana na samu gurbi a wata jami'a, ina shekarar share fage da muke kira tahdiri, burina kuma shi ne in karanta aikin jinya. Akwai wani darasi da ake koya mana dabarun karatun jami'a da Turanci: karanta dogon rubutu, rubuta muhimman bayanai yayin lacca, tsara sakin layi, da yin jawabi a gaban aji. Kowane mako akwai wajibi, wato aikin rubutu da ake ba mu mu yi a gida, ga karatun da ake so mu yi kafin mu shiga aji. Ni kuwa idan na dawo gida bayan la'asar, aikin Umma ke jirana, domin tana yin masa da dambu da alkaki na sayarwa, kuma ni ce babbar mace a ɗakinta. Sai bayan isha'i nake samun kaina, lokacin kuwa idona ba ya ganin rubutu.

Sau biyu 'yar goggona, wadda ta yi makarantar Turanci, ta rubuta mini wajibina na miƙa. Na uku kuma da Larabci na rubuta, na sa waya ta fassara. Doktorar da ke koya mana ta kira ni, ta nuna mini wata kalma a cikin aikin ta ce in faɗi ma'anarta, na kasa. Ta ba ni sifili, ta ce idan na sake za ta kai maganar gaba. Tun daga ranar kunya ta hana ni shiga ajinta har sau huɗu. Nan da mako biyar akwai jarrabawar rubutu a cikin aji, ba waya ba ƙamus. Yayana ya ce in daina wahalar da kaina, in koma sashen da ake karatu da Larabci. Umma ba ta san komai ba. Na fara jin kamar kaina ne ba ya ɗaukar Turanci. Me zan yi?

Ƙanwarki a Jidda

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma kafin in kai ga maganar sifilin, rubutun kansa ne ya tsayar da ni. Kin ce a waya kika koyi boko, ba malami ba allo, ga shi kin tsara mini damuwarki daki-daki, ba inda na tsaya ina lalube. Wadda take magana da harshe biyu, take rubutu daga dama zuwa hagu da kuma daga hagu zuwa dama, ba za a ce kanta ba ya ɗaukar harshe ba. Ki ajiye wannan zargin a gefe, domin ba shi ne ciwon ba, kuma muddin kina riƙe da shi ba za ki nemi maganin ainihin ciwon ba.

Abin da ya same ki ya samu ɗalibai masu yawa a ƙasar nan, Larabawa da waɗanda ba Larabawa ba. Sai a shekarar 2021 aka fara koyar da Turanci tun daga aji ɗaya na firamare a makarantun gwamnatin Saudiyya. Tsararki daga aji huɗu kuka fara, darasi ɗaya a cikin darussa da yawa, kuma mafi yawansa cike gurbi ne da haddar ƙa'idoji don cin jarrabawa. Sai ga ku a jami'a, inda likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya da injiniyanci duk da Turanci ake karantar da su. Don cike wannan ramin aka ƙirƙiro shekarar share fage, kuma darasin da ke ba ki wahala shi ne gadar. Turancin da ake nema a cikinsa ya bambanta da na gaisuwa da sayayya a kanti: ana so ki karanta shafi uku ki fito da jigonsu, ki faɗi ra'ayi ki kawo masa hujja, ki ɗauki maganar wani ki sake faɗinta da kalmominki tare da ambaton mai ita. Ko waɗanda aka haifa cikin Turanci sai an koya musu wannan.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ba zai yi daɗin ji ba, domin na ga ke ma kin san shi. Miƙa aikin da wani ya rubuta da sunanki yaudara ce, kuma hadisin da ya ce wanda ya yaudare mu ba ya cikinmu bai ware ɗakin karatu ba. Na san gajiya ce da tsoro suka kai ki, ba mugun hali ba, shi ya sa nake ganin tuba a nan mai sauƙi ce: ki daina, ki nemi gafarar Allah, ki gyara abin da zai gyaru. Amma akwai wata asara da nake so ki duba da kyau, domin ita ce ta fi damuna. A cikin dukan tsarin karatun nan, wajibin mako shi ne kaɗai wurin da kuskure ba shi da tsada. An ba ki shi ne don ki yi kuskure a gida, malama ta ja layi a ƙarƙashinsa, ki gane, ki gyara, kafin ranar da kuskuren zai ci miki maki mai yawa. Da kika miƙa rubutun 'yar goggonki, doktora ta gyara kurakuran da ba naki ba, naki kuma suna nan yadda suke, ba wanda ya taɓa ganinsu. Makonni uku ke nan da kika biya kuɗin mota, kika sha zafin rana, amma kika bar wa wata amfanin. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma ranar jarrabawar cikin aji daga ke sai alƙalami.

Game da doktora, ina roƙonki ki sake kallon abin da ta yi da idon adalci. Tana da ikon kai maganar gaba tun a karon farko, amma sai ta kira ki ke kaɗai, ta gwada ki da kalma ɗaya, ta tsaya a kan sifili da gargaɗi. Wannan halin mai son ɗalibarta ta dawo hanya ne. Malamin rubutu yana gane hannun ɗalibinsa kamar yadda Umma za ta gane masar da ba ita ta haɗa ƙullinta ba, kuma jami'o'i da yawa suna da manhajojin da ke gwada aikin da aka ɗora a Blackboard, wato shafin intanet da ɗalibai ke miƙa aiki ta kansa, da sauran rubuce-rubuce. Saboda haka maganar ɓoyewa ta ƙare, abin da ya rage shi ne yadda za ki koma.

Komawar kuma ba ta jira, domin rashin shiga aji yana da nasa hukuncin da bai shafi iya Turanci ba. A tsarin jami'o'in Saudiyya, ɗalibin da fashinsa ya wuce kashi 25 cikin 100 na laccocin darasi ana iya yi masa hirmani, wato a hana shi zama jarrabawar ƙarshe, a lissafa shi cikin waɗanda suka faɗi. Fashi huɗu na iya zama kaɗan, na iya zama gab da iyaka, ya danganta da yawan sa'o'in darasin a mako. Yau ɗin nan ki buɗe shafinki na jami'a ki ga inda kike. Sannan ki nemi sa'o'in da doktora ke zama a ofis don ganin ɗalibai, ki je mata kafin lacca ta gaba, domin shiga aji zai fi miki sauƙi idan kun riga kun haɗa ido. Ba sai kin yi dogon jawabi ba, kuma ba sai kin ambaci sunan 'yar goggonki ba. Ki ce mata ayyuka ukun nan ba aikin hannunki ba ne, kin yi nadama, kunya ce ta hana ki zuwa aji, kuma kina roƙon ta ba ki dama ki sake rubuta su da kanki ko da ba za ta ba su maki ba, don dai ta ga ainihin matsayinki. Idan Turancin ya ƙi fitowa, ki rubuta jimloli huɗun nan a takarda ki karanta mata. Mai yiwuwa ta cire makin biyun farko. Ki shirya wa hakan a ranki, ki kuma sani cewa makin da kika rasa ta hanyar gaskiya ya fi sauƙin maidowa a kan amanar malama.

Sai mu zo kan aikin kansa. Na lura kin ambaci karatun da ake so ku yi kafin shiga aji kamar wani ƙarin nauyi ne a kan wajibi, alhali shi ne ke rage nauyin wajibin. Ɗalibar da ta shiga lacca ba ta leƙa darasin ba tana yaƙi uku a lokaci guda: tana ƙoƙarin kama sautin, tana neman ma'anar kalmomi, tana kuma son gane batun. Wadda ta ba shi minti 20 a gida ta riga ta kashe biyu. Ga yadda ake yin sa. Kada ki fara daga kalmar farko kina buɗe ƙamus a kan kowace, wannan hanyar ce ke cinye dare ba a gama shafi ba. Ki fara da kanun rubutun, da ƙananan kanu, da hotuna ko jadawali idan akwai. Sannan ki karanta jimlar farko ta kowane sakin layi kawai, domin a rubutun ilimi na Turanci galibi a nan marubuci ke ajiye jigon abin da zai faɗa. Daga nan ki rufe littafin ki gaya wa kanki da Hausa ko da Larabci abin da kike zaton rubutun ke magana a kai. Sai a karatu na biyu za ki bi shi a hankali, ki ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suka maimaitu ko suka tare miki hanya, ki duba kamar takwas ko goma, ki bar sauran. Ki shiga aji da tambaya ɗaya rubutacciya. Ko ba ki samu ƙarfin halin yin ta ba, za ki ga kunnenki yana farautar amsarta a cikin laccar.

Maganar kalmomi tana da iyaka, kuma sanin iyakar yana kwantar da hankali. A shekarar 2000 wata malama a Jami'ar Victoria da ke Wellington ta ƙasar New Zealand, Averil Coxhead, ta tattara rubuce-rubucen ilimi daga fannoni daban-daban ta fitar da jerin tushen kalmomi 570 da suke yawan zuwa a cikinsu, waɗanda suka kai kusan kashi 10 cikin 100 na kalmomin irin wannan rubutu. Jerin yana nan kyauta a intanet, an kasa shi gida goma, kuma gidan farko mai kalma 60 shi ne mafi yawan amfani. Idan kika ɗauki biyar a rana, cikin kwana 12 kin gama gidan farko, cikin kwana 114 kin zagaye jerin duka. Sai dai kada ki rubuta kalma da fassararta ta Larabci kawai ki wuce. Ki rubuta ta tare da jimlar da kika same ta a ciki, da 'yan'uwanta na suna da aikatau da sifa, sannan ki gina jimla taki a kan rayuwarki, ko da a kan farashin shinkafar masa ce. Ki koma amfani da ƙamus na masu koyo wanda ke bayyana Turanci da Turanci mai sauƙi. Na Longman, alal misali, da kalmomi kusan 2,000 yake bayanin duk sauran, kuma yana ba da misalai da sautin furuci.

Yadda za ki riƙe su kuwa kin riga kin san shi tun kina ƙarama. Duk wanda ya yi hadda ya san cewa sabon karatu ba ya zama sai da tilawar na baya, kuma shafin da aka bari mako guda ba a waiwaye shi ba sai ya kuɓuce. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya auna wannan a kansa ya wallafa a 1885, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne a cikin sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi ta zama ɗaya. Saboda haka kalmomin yau ki waiwaye su gobe, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, kina rufe ma'anar da hannu kina gwada kanki. Amma a nan hadda ta tsaya. Kada ki haddace sakin layi sukutum da fatan shi zai fito a jarrabawa, domin da an sauya tambayar kaɗan sai ginin ya rushe.

Rubutu shi ne inda aka kama ki, don haka a nan zan fi daɗewa. Sakin layin da ake nema a irin wannan darasi yana da siffa sananniya: jimla ɗaya da ke faɗin jigo, sai dalilai biyu ko uku, kowanne da misalinsa, sai jimlar rufewa. Kafin ki rubuta komai ki yi minti biyar kina jera dalilan a gefen takarda da kalma ɗaiɗai, kuma ba laifi wannan tunanin ya zo miki da Hausa. Abin da ba na so shi ne ki rubuta cikakken sakin layi da Larabci sannan ki juya shi, ko da kanki ko da waya, domin adon Larabci daban ne. Larabci yana son doguwar jimla da ake ɗaurawa da "wa" da "fa" har ta cika rabin shafi, malamar Turanci kuwa za ta ja jan layi a kanta ta ce ba ta da numfashi. Ki yi gajerun jimloli, kowace da mai aikatawa da aikatau, ki sa aya, ki fara sabuwa da babban baƙi, abin da Larabci ba shi da shi sam. A wannan wajen Hausarki ta fi kusa da Turanci, domin "yarinya ta sha magani" a jere ɗaya suke tafiya a harsunan biyu, alhali Larabcin littafi yakan fara da aikatau.

Akwai kurakuran da kusan duk wanda ya yi karatu da Larabci yake yi, kuma gara ki san su da suna. Larabci yana cewa "albaitu kabirun" ba tare da wata kalma a tsakani ba, shi ya sa ɗalibai ke mantawa da "is" da "are". Ki tuna da "ne" da "ce" na Hausa: kamar yadda "gidan babba" bai cika ba sai an ce "gidan babba ne", haka jimlar Turanci ba ta cika sai da aikatau. Larabci ba shi da kalmar da ta yi daidai da "a" da "an", don haka suna yawan faɗuwa. Ba a cika rubuta gajerun wasula a Larabci ba, sai ido ya saba da bin baƙaƙe kawai, a zo rubutun Turanci a riƙa musanya wasula ko a tsallake su. Ga kuma rikicin "p" da "b". Ki ware shafi biyu a ƙarshen littafinki, duk kuskuren da doktora ta gyara ki rubuta shi yadda kika yi da yadda ya kamata. Bayan mako uku za ki ga ba kurakurai ɗari kike yi ba, biyar ko shida ne suke ta dawowa. Kafin ki miƙa kowane aiki, ki karanta shi da murya sau ɗaya, sannan ki bi shi kina neman waɗannan biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya.

Tun da jarrabawar nan da mako biyar ce, ki sa wa kanki sakin layi uku a kowane mako ban da wajibi, da hannu, da agogo a gabanki, waya kuma tana wani ɗaki. Guda 15 ke nan kafin ranar. Na farkon zai fito da kyar, wataƙila jimla biyar masu ɗingishi, kuma ina so ki ajiye shi kada ki yaga, domin ranar da zuciyarki ta karaya shi za ki ɗauko ki gwada da na goma. Ita waya da manhajojin fassara da masu rubuta wa mutum aiki, ban ce ki jefar da su ba. Ki tambayi doktora abin da ta yarda da shi a darasinta, ki tsaya a nan. Abin da nake ganin ba ya cutarwa shi ne duba kalma guda, ko jin furuci, ko neman bayanin wata ƙa'ida bayan kin gama naki rubutun. Duk jimlar da ba za ki iya bayyana kowace kalma a cikinta ba idan aka tsayar da ke, kada ta shiga aikin da za ki sa wa sunanki.

Sauraro da jawabi ba za su ci miki lokaci na musamman ba. A motar zuwa jami'a ki sa abin kunne ki ji gajeren shiri ɗaya, kamar shirin minti shida na sashen koyar da Turanci na BBC, wanda ke zuwa da rubutunsa: ji na farko ba kallon rubutu, na biyu da kallo. A lacca kuma ki raba shafinki gida uku kamar yadda Walter Pauk na Jami'ar Cornell ya tsara, babban fili don abin da malama ke faɗa, siririn gefe don tambayoyi da kalmomi, ƙasa kuma don jimla biyu na taƙaitawa da za ki rubuta a ranar. Jawabin gaban aji ki gwada shi a gaban ƙannenki har sau uku, su riƙe miki agogo.

Duk wannan yana buƙatar lokaci, lokacin kuma a hannun Umma yake, don haka dole a yi magana da ita. Kada ki ɗauke ta a matsayin wadda ta tare miki hanya. Daga bakin tandar nan ake samun wani ɓangare na abin da ke kai ki jami'a, kuma macen da ta tsaya a kan wuta a zafin Jidda don 'ya'yanta su yi karatu ba za ta so karatun ya lalace a kan wanke-wanke ba. Ba ta sani ba ne, kuma ke ce ba ki sanar da ita ba. A wurinta, yarinyar da ta dawo daga makaranta ta gama karatun ranar, domin haka ta gani a shekarunki na sakandare. Ki zaɓi lokacin da hankalinta ke kwance, kamar safiyar Juma'a, ki ce: "Umma, karatun jami'a rabinsa a gida ake yi, kuma na fara samun matsala a darasin Turanci. Ina roƙon ku ba ni awa ɗaya da rabi a kullum daga Lahadi zuwa Alhamis, ni kuma Juma'a da Asabar, da ranakun da aiki ya yi yawa, ina tare da ku." Roƙon da aka faɗi adadinsa ya fi saurin karɓuwa a kan kukan cewa aiki ya yi yawa. Ki zo mata da shawarar wanda zai cike gurbin, domin ƙanne maza da mata duk suna iya wanke kwanuka, da ƙulla kaya a leda, da kai saƙo. Shawarata kuma ita ce ki gaya mata maganar sifilin da bakinki. Za ta ji zafi na ɗan lokaci, amma zafin jin ta daga bakin dangi ya fi, kuma maganar da mutum uku suka sani ba ta cika kwana a ɗaki ɗaya ba.

Idan aka rasa lokacin yamma, to ki sauya wa karatun mazauni. Ƙwaƙwalwar da ta wuni a aji ta kuma yi awa huɗu a kicin ba za ta rubuta komai bayan isha'i ba. Ki kwanta da wuri, ki ɗauki minti 45 bayan sallar asuba don rubutu, lokacin gida shiru. Sa'o'in da babu lacca a jami'a ki kai su ɗakin karatu maimakon wurin hira. Kaɗan da ake yi kullum ya fi mai yawa da ake yi sau ɗaya a mako, kuma a koyon harshe wannan ba wa'azi ba ne kawai, haka ƙwaƙwalwa ke aiki.

'Yar goggonki ta so ki ne, sai dai ta taimake ki ta hanyar da ta raunana ki. Ki gode mata, ki gaya mata abin da ya faru, ki kuma sauya mata aiki: ta riƙa ba ki rabin awa a mako kuna hira da Turanci zalla, ko ta karanta abin da kika rubuta ta sa ɗigo a gefen layin da ke da kuskure ba tare da ta gyara ba, ke ki nemo shi. Alƙalami ya zauna a hannunki.

Shi kuma Yayanki, maganarsa ba ta banza ba ce, tausayi ne ya sa shi faɗinta, kuma babu wani ƙasƙanci a karatu da Larabci. Shari'a da tarbiyya da harshen Larabci fannoni ne masu daraja, an kuma ci abinci da su an taimaki jama'a. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke wannan hukunci yanzu, cikin kunya, alhali ba a taɓa gwada ainihin ƙoƙarinki ba ko sau ɗaya. Ki roƙe shi ya ba ki zuwa ƙarshen wannan zango, ki kuma ba shi rabonsa a cikin aikin, ko ya sa baki wajen Umma a kan rabon aikin gida, ko ya riƙa ɗauke miki kai saƙon abinci. A lokaci guda ki je wurin malamar da aka ɗora wa ba ki shawarar karatu, murshidarki, ki tambaye ta abu uku: ranar ƙarshe ta janyewa daga darasi da uzuri idan tsarinku ya yarda da hakan, abin da maimaita darasin zai yi wa matsakaicin makinki, da makin da sashen jinya ke nema. Janyewa cikin ƙa'ida ko maimaita mataki ɗaya ya fi hirmani nesa ba kusa ba, kuma akwai ma'aikatan jinya ƙwararru da suka bi ta nan. Idan kuma bayan kin yi aikin da hannunki tsawon zango kika ga zuciyarki ta karkata wani fanni, to ki sauya da sanin abin da kike yi.

Ki dai riƙe a ranki dalilin da ya sa ake matsa muku. A asibitocin ƙasar nan da Turanci ake rubuta bayanan marasa lafiya da umarnin magani, da shi ake magana da abokan aiki daga Filifin da Indiya, da shi kuma ake zama jarrabawar lasisin aiki. Wata rana za ki tsaya a gefen gadon wata tsohuwa da ta zo Umara daga Sakkwato ko Damagaram, ba ta jin Larabci ba ta jin Turanci, likita ya rubuta umarni, ke ce za ki karanta shi daidai ki kuma gaya mata da Hausa abin da za a yi mata. A wannan daren ba wanda zai karanta miki takardar.

Ranar Lahadi ki je ofishin doktora kafin lacca. Bayan nan ki rubuto mini abin da ta ce da yadda kuka yi da Umma, ki haɗo da hoton sakin layin farko da kika rubuta da hannunki, yadda ya fito, kada ki gyara shi saboda ni. Allah Ya buɗa miki, Ya sa albarka a sana'ar Umma.